Ku Tambayi Ungozoma: Nas Ɗaya a Ɗakin Haihuwa da Tsakar Dare

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan asibitin karkara suka tsaya, da ma'aikatan jinyar da ke riƙe da shi. Na ɗauki shida, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce kuma ungozoma, ban daɗe da gama makaranta ba aka tura ni asibitin karkara. In aikin dare ya faɗo kaina, daga ni sai mai shara da maigadi. Likitanmu ɗaya ne, kuma ba kullum ake samunsa da dare ba. Abin da ke tsinka mini zuciya shi ne zubar jini bayan haihuwa. Na karanta, na ci jarrabawa, amma ina tsoron ranar da zai ritsa da ni ni kaɗai.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Tsoron nan naki yana kan hanya, kuma ba na so ya bar ki gaba ɗaya. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu haihuwa a duniya. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya yana samun mata kimanin miliyan 14 a shekara, kusan 70,000 daga ciki ba sa tashi. Macen da ta shigo da ƙafarta tana hira, in jini ya ɓalle mata aka rasa mai tare shi, awa biyu ta isa a rasa ta. Abin da ya rage mana shi ne tsoron nan ya koma shiri.

Da farko kada ki yarda da idonki wajen kimanta jini. Tsumma ya sha, katifa ta sha, wani ya gangara ƙarƙashin gado, ke kuma kina ganin ɗan kaɗan ne. An yi wani babban bincike mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kan mata sama da 200,000, sakamakonsa ya fito a 2023. Ba wani sabon magani aka kawo ba. Leda ce mai aljihu da ma'auni a jikinta, ana shimfiɗa ta ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, jinin ya riƙa taruwa inda za a karanta adadinsa. Da ya kai mililita 500, ko ya kai 300 alhali bugun zuciya ya ƙaru ko awon jini ya sauka, sai a yi komai lokaci guda cikin minti 15, a daina gwada wannan a jira, sannan a gwada wancan. Ana murza mahaifa ta saman ciki har ta dunƙule ta yi tauri, a ba da oksitosin, allurar tsuke mahaifa, a ba da taranezamik asid, maganin rage zubar jini, giram 1 ta jijiya a hankali, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a nemi na gaba. Asibitocin da suka bi wannan tsari sun gano 93 cikin 100 na masu zubar jini, sauran kuwa 51 kawai suka gano. Zubar lita guda ko fiye, da kaiwa ga tiyata, da mutuwa, in aka haɗa su, sun ragu da kashi 60 cikin 100. Ungozomomi irinki ne suka yi aikin.

Shi taranezamik da lokaci yake aiki. Gwajin da aka yi kan mata 20,000 a ƙasashe 21, wanda ya fito a 2017, ya nuna in an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa yana rage mutuwar zubar jini da kusan ɗaya cikin uku. In awa 3 ta wuce, amfaninsa ya tafi.

Gobe in kin karɓi aiki, kafin ki zauna, ki haɗa akwati ɗaya na zubar jini kawai. Ko bokitin roba mai murfi ne ya wadatar. Ki zuba manyan kanula biyu, wato allurar roba da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, ledar ƙarin ruwa biyu da igiyarsu, sirinji, taranezamik, ƙwayar miso mai tsuke mahaifa, robar fitsari, safar hannu har da doguwar nan mai kaiwa gwiwar hannu, filasta da kika riga kika yayyanka, da tocila mai batir. Ki manna jerin kayan a murfin, duk mai karɓar aiki ta buɗe ta ƙirga. Tsakar dare ba lokacin neman mai makullin sito ba ne. Oksitosin kuwa firji ne mazauninsa, tsakanin digiri 2 da 8, domin zafi na karya masa ƙarfi ba tare da kamanninsa sun canza ba. Na sha ganin yarinya ta yi allura, mahaifa ta ƙi tsukewa, ta zauna tana zargin hannunta, alhali maganin ne ya sha zafi a hanya ko a kan tebur. In firjinku ba abin dogaro ba ne, ku nemi kabetosin, allurar tsuke mahaifa mai jure zafi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018 don rigakafi.

Sai maganar kaɗaici. Mai sharar nan da kika ambata a gefen zance, kada ki raina ta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da ba cunkoso ki zaunar da ita, ki nuna mata inda akwatin yake, yadda ake ɗaga ledar ruwa, yadda ake haska fitila inda kike so, da lambobin da za ta kira. Lambar likita, ta direba, da ta babban asibitin da kuke tura marasa lafiya, duk su kasance a bango da manyan baƙi. Maigadi ya san in kin ƙwala masa kira, tayar da direba ne aikinsa. Ku riƙa gwadawa kina duba agogo, har abin ya zama jiki.

Mai ƙarancin jini, mai tagwaye, wadda ta yi haihuwa da yawa, da wadda ta daɗe tana naƙuda, ki sa musu kanula tun kafin su haihu, domin in jini ya zuba jijiya ɓuya take yi. Amma da yawa cikin masu zubar jini ba su da ko ɗaya daga waɗannan alamu, shi ya sa kowace mace ake mata allurar oksitosin cikin minti guda da fitowar jariri. Awa biyun farko bayan haihuwa kuma, duk minti 15 ki ɗora hannu ƙasan cibiya, ki ɗaga mayafi ki duba da idonki. Lokacin ne hankalin kowa ke komawa kan jariri, uwa na kwance shiru ana cewa barcin gajiya take yi.

Duk da haka ba zan ce miki daidai ne a bar ki ke kaɗai ba. Akwai daren da uwa za ta riƙa zubar jini, jariri kuma ya ƙi kuka, duk a minti guda, kuma mutum ɗaya ba ya rabuwa biyu. Ki rubuta wa shugabarki a takarda, cikin ladabi, ki nemi a riƙa haɗa ku biyu da dare, ko a samu wadda ke kwana kusa da za a iya kira. Ki ajiye kwafi.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Matata na da cikin wata takwas ta je awo da ciwon kai, fuska da hannu a kumbure. Nas ta auna ta, ta yi mata allura ta jijiya da kuma ɗuwawu biyu, ta ce mu wuce babban asibiti a daren. Can aka yi mata aiki, ita da yaro suna lafiya. Amma 'yan uwana na cewa nas ɗin ba ta iya aiki ba ne, wahala ta gudar wa kanta. Haka ne?

AMSA: Malam, in da hali ka koma asibitin nan ka nemi nas ɗin ka yi mata godiya, ka tafi da ɗaya daga cikin 'yan uwan naka. Abin da ka siffanta hawan jinin mai ciki ne da ya kusa rikiɗewa jijjiga. Yana zuwa ne bayan mako 20 na ciki. Awo in ya kai 140 bisa 90 an fara sa ido, in ya kai 160 bisa 110, ko ga matsanancin ciwon kai, ganin dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki, to ba a kwana. Allurar da ta yi mata, bisa dukkan alamu, magniziyam salfet ce, mai hana jijjiga. A 2002 aka fitar da sakamakon gwajinta kan mata 10,000 a ƙasashe 33, ta rage jijjiga da fiye da rabi. Magani ne mai araha, amma ma'aikata da yawa na ɗari-ɗari da shi, saboda sai an riƙa duba numfashi da fitsari da motsin gwiwa bayan an ba da shi. Wadda ta yi ƙarfin halin ba da kashin farko kafin ta sa ku a mota ta san aikinta ciki da bai.

Me ya hana nas ɗin riƙe matarka? Allurar tana tare jijjiga ne kawai, ba ta raba mace da ciwon. Ciwon daga mabiyiya yake, ba ya tafiya sai an raba uwa da cikin. Hakan kuwa na iya buƙatar ɗakin tiyata, mai sa barci, jinin da za a ƙara, da wurin kula da ɗan wata takwas. In babu waɗannan a ƙaramin asibiti, riƙe ta ganganci ne.

Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri uku ne ke kai mai ciki ga halaka: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kai ka tsallake na farko da ka yarda ka tafi a daren. Maganar 'yan uwanka kuwa tana da illar da ba su sani ba. Nas ɗin da aka kira ragguwa sau ɗaya, sau biyu, wata rana za ta riƙe macen da ya kamata ta tura, don gudun bakin mutane.

Abokan aikina kuma, in za ku tura mace, ku kira can tukuna, ku rubuta abin da kuka ba ta da ƙarfe nawa kuka ba ta, sannan ku tsaya ku yi wa miji bayani yadda zai gane.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe, ni ne shugaban kwamitin da ke kula da asibitin yankinmu. Mun samu tallafin kuɗi, ba masu yawa ba. Ra'ayi ya rabu uku: a sayi na'urar hoton ciki, ko a ƙara ɗakin kwanciya, ko a tura ma'aikata bitar mako guda a birni. Wanne ya fi?

AMSA: Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin a taɓa kuɗin. In ni ce, duka ukun zan jingine su tukuna, in shiga ɗakin haihuwa da dare ba tare da sanarwa ba. In murɗa famfo in ga ko ruwa zai zo, in duba ko da sabulu a gefe. In kunna fitila. In buɗe firji in sa hannu. In ce a auna mini jini da na'urar da ke ɗakin. In ce a miƙo mini jakar hura wa jariri iska, in toshe bakinta da tafin hannu in matsa, in ji ko tana riƙe iska. Duk wanda ya gaza cikin waɗannan, nan kuɗi za su fara zuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu. Sabon gini ba ya maganin wannan.

Akwai ma'aunin da aka daɗe ana gwada asibiti da shi a harkar haihuwa. Ayyuka bakwai ne: allurar kashe ƙwayoyin cuta, maganin tsuke mahaifa, maganin jijjiga, ciro mabiyiya da hannu in ta maƙale, wankin ciki bayan ɓari, taimaka wa haihuwa da na'urar janyo jariri, da farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba. In aka ƙara tiyata da ƙarin jini ya zama cikakken asibiti. Ka ɗauki rajista ka tambaya, cikin wata uku da suka wuce an yi kowannensu a nan? Inda aka ce a'a, ka bincika ko kaya ne babu, ko mai yi ce babu, ko akwai ta amma tana tsoro. Kowanne da maganinsa.

Bita kuwa ina da magana a kanta, don na daɗe ina koyarwa a cikinta. Sau da yawa na ofis ne ke tafiya, mai aikin dare na nan riƙe da ɗaki. Wadda ta je ɗin ma, hannu yana mantuwa in bai maimaita ba. A 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan hulɗarta suka ɓullo da shirin koyar da farfaɗo da jarirai cikin mintin farko na haihuwa. Da aka gwada shi a asibitoci 8 na Tanzaniya, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Amma abin da ya faru a Haydom, wani asibitin karkara a arewacin ƙasar, shi ya fi tsaya mini a rai. An yi wa ma'aikata horon yini guda, da aka gwada su a kan mutum-mutumi sun iya, amma a ɗakin haihuwa aiki bai canza ba. Sai da aka ajiye mutum-mutumin a ɗakin haihuwar kansa, kowa na ɗaukar 'yan mintoci yana maimaitawa a kai a kai, sannan mutuwar jarirai a awa 24 na farko ta sauka daga kusan 11 cikin 1,000 zuwa kusan 7.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin. Jariri ya fito laƙwas, ba kuka, ɗaki ya yi tsit. Kin goge shi da tawul, kin murza bayansa, shiru. Kafin minti guda ya cika ana so kin yanke cibiya, kin kwantar da shi, kin ɗan ɗaga haɓarsa, kin kifa murfin jakar hura iska ya rufe hanci da baki ba tare da iska na zurarewa ta gefe ba, kin fara matsa jaka kimanin sau 40 a minti, idonki na kan ƙirjinsa ko yana ɗagawa. In bai ɗaga ba, ki gyara kai, ki gyara murfi, ki sake. Kusan jariri ɗaya cikin goma na buƙatar wani taimako kafin ya fara numfashi. A wannan mintin babu damar tuna darasi, abin da hannu ya saba shi yake yi.

Don haka ga inda zan kai kuɗin bayan ruwa da wuta da firji. A sayi mutum-mutumin jariri da na uwa, a ajiye su inda ake aiki, kada a kulle su a ofis. A sa minti goma na maimaitawa lokacin miƙa aiki, yau zubar jini, gobe jijjiga, jibi jariri. A samo gogaggiyar ungozoma daga babban asibiti ta riƙa zuwa duk wata, a biya mata mota da alawus, ta sa safar hannu ta yi aiki tare da ƙananan ma'aikatan, ta gyara musu a kan gado ba tare da tsawa ba. Sannan duk wata a zauna a bi diddigin duk wadda aka rasa ko aka kusa rasawa, ba a neman mai laifi, ana neman inda tsari ya ɓalle. Da zarar zaman nan ya koma kotu, gaskiya za ta daina fitowa.

Na'urar hoton ciki tana da amfani, ana ma so kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin mako 24. Sai dai ta zo tare da horon mai aiki da ita da mai gyara ta. Na ga irinta a sito cikin ledarta, ƙura ta rufe, saboda wanda ya iya ta ya bar wurin.

TAMBAYA: Jikata bakwaini ce, nauyinta kilo 1 da giram 700. Asibitinmu ba kwalbar jarirai. Nas ta ce a ɗaure ta a ƙirjin uwarta dare da rana. Anya wannan magani ne, ko don ba su da kayan aiki ne?

AMSA: 'Yar uwa, magani ne, kuma mai ƙarfi. Gaskiya ne rashin kayan aiki ne ya haife shi: a 1978 wani likita, Edgar Rey, ya fara shi a Bogota ta Kolombiya, inda kwalabe suka yi kaɗan har ana haɗa jarirai a guda. Amma yau ko inda kwalba take ana yin sa. A 2021 aka fitar da sakamakon gwaji a asibitocin Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. Waɗanda aka fara ɗora su a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka jira sai sun daidaita a kwalba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa farawa nan take, awa 8 zuwa 24 a rana.

Babban abokin gabar bakwaini sanyi ne, don ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. Jikin uwa na ɗumama shi, nono na kusa, kuma hannuwan da ke taɓa shi sun ragu. A bar wa jikar taki nafkin da hula da safa kawai, a tsayar da ita tsakanin nonuwa, fata na taɓa fata, kai a juye gefe, haɓa a ɗan ɗage don hanyar iska ta buɗe, ƙafafu a lanƙwashe. Bakin ƙyallen ɗaurin ya tsaya daidai ƙasan kunnenta. Uwa ta yi barci a jingine. In jaririyar ba ta iya tsotso ba tukuna, a tatsa a ba ta da ƙaramin kofi duk awa biyu, kamar yadda nas za ta nuna muku, a kuma riƙa auna nauyinta kullum. Lokacin da uwa za ta yi wanka ko ta huta, ke ma ƙirjinki ya isa, na uban ma haka.

In kun ga ta ƙi cin abinci, numfashi na tsayawa ko ƙirji na lotsawa, jiki ya yi sanyi ko zafi, ko tafin hannu da ƙafa sun yi rawaya, ku kira nas nan take. In an ce a tafi babban asibiti, a tafi da ita a ƙirjin, kada a sauke ta a hanya.

TAMBAYA: Ina aiki a sashen da ke tura ma'aikatan lafiya wuraren aiki. Muna ɗaukar nas-nas da ungozomomi mu tura karkara, shekara ba ta cika sai takardun neman canji su cika mana tebur. Muna tunanin tsaurara doka. Me kika gani?

AMSA: Yallaɓai, ƙarancin na duniya ne gaba ɗaya. Rahoton 2020 kan ma'aikatan jinya ya ce akwai su miliyan 27.9 amma ana neman ƙarin miliyan 5.9, rahoton 2021 kan ungozomomi kuma ya ce ana neman ƙarin 900,000. Wannan na nufin duk yarinyar da kuka tura tana da inda za ta je in ta gaji. Doka za ta iya kai ta ƙauye, amma in ba a gyara zaman ba, za ku samu suna a rajista, mutum kuma yana birni.

Kafin ku taɓa doka, ku karanta takardun nan ɗaya bayan ɗaya, ko ma ku kira masu su ku saurara. Abin da na saba ji daga ɗalibaina bai wuce waɗannan ba: ɗakin kwana ba ƙofar kirki ba ruwa, tsoro da dare, ba makarantar da za ta sa ɗanta, albashi a makare, ba wadda za ta karɓe ta ta je hutu, ga takwararta ta birni ta tafi ƙarin karatu ita an manta da ita. Akwai kuma wanda ba a rubutawa, wato mace ta mutu a hannunki saboda maganin da ba a kawo ba, kuma ke dangi za su kalla. Wannan ya fi rashin wuta korar ma'aikata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan riƙe ma'aikata a karkara a 2010, ta sabunta su a 2021. Cikin waɗanda suka fi ƙarfi akwai ɗaukar ɗaliban da suka tashi a karkara, domin su suka fi komawa su zauna. Ni ma abin da na gani ke nan. Yarinyar da iyayenta ke kusa, ta san yaren mutanen, ba ta ƙirga kwanakin tafiya. Cikas ɗin shi ne 'yan matan karkara kan faɗi a darussan kimiyya saboda makarantunsu ba malamai. Maganinsa a yi musu shekarar share fage kafin su shiga makarantar jinya, al'ummarsu ta zaɓo su, a ɗauki nauyinsu, a kuma tanadar musu gurbin aiki tun kafin su gama. Mai aure da goyo a yi mata wurin ajiye yaro a makarantar, kada a ce sai ta zaɓi ɗaya.

Mozambik ta yi wani abu makamancin haka da ta rasa likitoci bayan samun 'yancin kai. Daga 1984 ta fara horar da ƙananan jami'an lafiya su yi tiyata, har da ta haihuwa. Da aka bi sawunsu bayan shekara 7 da gama karatu, kusan 9 cikin 10 na nan a asibitocin gunduma, likitocin da aka tura can kuwa kusan duk sun tashi. Siri Lanka ma ba ta jira ta yi arziki ba. Ta baza horarrun ungozomomi har ƙauyuka, ta sa masu duba aikinsu, ta haɗa su da asibitocin da za su tura mace in abu ya fi ƙarfinsu. Mutuwar masu haihuwa ta sauka daga sama da 500 cikin haihuwa 100,000 a 1950 zuwa ƙasa da 100 a shekarun 1980.

In za ku sa wajibcin aikin karkara, ku sa masa ranar ƙarewa kuma ku cika alkawari. Shekara biyu ta zama shekara biyu, wadda ta cika ta kuma ta shiga gaba a layin ƙarin karatu da ƙarin girma. Kada ku tura sabuwar fita ita kaɗai, ku haɗa ta da babba. In ƙananan cibiyoyi biyar ke gare ku kowace da ungozoma ɗaya, gara ku tara su a biyu da za su buɗe dare da rana, ku sa mota tsakani.

TAMBAYA: Anti, ni ke ganin yara a ɓangaren masu zuwa su koma. Layi yana da tsawo, kuma bi da bi muke yi. Kwanaki wani yaro ya galabaita a kan benci kafin layi ya zo kansa. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanwata, a daina bi da bi a layin yara. Wanda ya fi jin jiki shi ne na farko, ko da shi ya zo ƙarshe. A babban asibitin Blantyre na Malawi, da aka gyara tsarin karɓar yara aka koya wa ma'aikata tantance su tun daga ƙofa, mutuwar yaran da aka kwantar ta sauka daga tsakanin kashi 10 da 18 cikin 100 zuwa tsakanin 6 da 8.

Ki riƙa tashi kina zagaya benci duk rabin awa, kina buɗe mayafi kina kallon kowane yaro. Mai jijjiga, wanda ba ya farkawa sosai, mai wahalar numfashi, mai sanyin hannu da raunin bugun jini, mai gudawa da idanu suka zurma, da duk jaririn da bai kai wata biyu ba, ki ɗauko su gaba. Ki ƙirga numfashi minti guda cur da agogo: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara guda, 40 daga shekara 1 zuwa 5, duk sauri ne. In kuna da na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, ƙasa da 90 na neman oksijin. Masu gudawa a ware musu kusurwa su fara shan ruwan gishiri da sukari tun suna jira. Mai ba da kati da maigadi ma ki koya musu alamun nan, don su ke fara ganin yaro, kuma ki sa a riƙa sanar da iyaye da safe cewa za a tsallake layi saboda yaron da ya galabaita, don kada rigima ta tashi lokacin da kika ɗauko shi.